Ahmed Musa: Rayuwar Ɗan Ƙwallo da Batun Zama Ɗan Gida a Ƙasar Hausa

Manazarta sun daɗe suna taƙaddama a kan ma'aunin da ake gane Bahaushe da shi, ko harshe ne, ko addini, ko tsatso, ko kuwa wurin zama. Wasan ƙwallon ƙafa fage ne da ba a cika leƙawa ba wajen wannan muhawara, alhali rayuwar Ahmed Musa kaɗai ta isa misali. An haife shi a Jos ranar 14 ga Oktoba, 1992. Mahaifinsa ɗan asalin Borno ne, ya rasu tun Ahmed yana ƙarami, mahaifiyarsa kuwa daga Jihar Edo ta fito. Duk da haka, a gidajen kallon ƙwallo na Kano da Haɗeja da sauran garuruwan Arewa, “namu” ake ce masa ba tare da wani ya nemi jin salsalarsa ba.

Ya tashi a makarantar horar da 'yan ƙwallo ta GBS da ke Jos, aka ba da aronsa ga ƙungiyar JUTH, sannan ga Kano Pillars a kakar 2009/2010. A wannan kaka ya zura ƙwallo 18 a raga, adadin da ya zama sabon tarihi a gasar Nijeriya kafin Jude Aneke ya ci 20 a kakar da ta biyo baya. Shekara guda kacal ya yi a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, amma a nan aka ƙulla zumuncin. Kirarin Pillars shi ne “Sai Masu Gida”, kuma duk wanda ya yi wa masu gida hidima irin wannan ya zama ɗan gida. Ya kamata a tuna cewa an kafa Pillars a 1990, shekara guda kafin a cire Jihar Jigawa daga Kano a 1991. Saboda haka, ga Bahaɗeje, goyon bayan Pillars ba aro ba ne, ko da yake Jigawa na da tata ƙungiyar, wato Golden Stars.

A 2010 ƙungiyar VVV-Venlo ta Holan ta ɗauke shi, amma sai da ya jira watan Oktoba kafin ya fara wasa, domin dokar FIFA ta hana cinikin ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata kafin ya cika shekara 18. A Janairun 2012 ya koma CSKA Mosko, inda ya ci kofin gasar Rasha sau uku, a 2013 da 2014 da 2016. A ganina nan ne ganiyarsa. Jarin Musa gudu ne, kuma ɗan wasan da gudu ne jarinsa yana bukatar abu biyu: fili a bayan 'yan baya, da mai horarwa da zai haƙura da shi mako bayan mako. A Mosko ya sami duka biyun.

A Ingila bai same su ba. Leicester City ta saye shi a Yulin 2016 a kan fam miliyan 16 da 'yan kai, tana ɗauke da kofin Firimiya, tana kuma da Jamie Vardy wanda salonsu kusan ɗaya ne. Ga shi kuma abokan karawa sun riga sun gano lagon ƙungiyar, sun daina bar mata fili. A Fabrairun 2017 aka sallami Claudio Ranieri wanda ya kawo shi, daga nan zaman benci ya yawaita. Ƙwallo 2 kawai ya ci a gasar Firimiya. Masu cewa ya gaza ba su yi ƙarya ba, sai dai sukan manta cewa kasuwa ce ta haɗa shi da ƙungiyar da ba ta da gurbinsa.

Sunan da ya yi a idon duniya kuwa a rigar Super Eagles ya yi shi. Yana cikin tawagar Stephen Keshi da ta ci kofin nahiyar Afirka a 2013. Ranar 25 ga Yuni, 2014, ya ci Ajantina ƙwallo biyu a Porto Alegre, duk da an doke Nijeriya 3 da 2. Bayan shekara huɗu ya maimaita biyun a ragar Iceland a Volgograd, ya zama ɗan Nijeriyar da ya fi kowa cin ƙwallo a gasar kofin duniya. Daga baya ya wuce wasanni 101 da Joseph Yobo da Vincent Enyeama suka yi wa ƙasa. Kafin shi an yi Tijjani Babangida da Garba Lawal, 'yan Kaduna, amma zamaninsu babu kafofin sada zumunta da za su riƙa kai muryarsu cikin Hausa har wayar hannun ɗan ƙauye. Musa ya sami wannan, kuma yawan hirarsa da Hausa ya ƙara masa matsayin ɗan gida.

Bayan Al-Nassr ta Saudiyya, inda ya ci gasar 2019, ya dawo Pillars a Afrilun 2021, ya tafi Turkiyya, ya sake dawowa a 2024. Tun kafin haka ya zuba dukiyarsa a Kano, har da cibiyar wasanni a Hotoro. Wannan ya dace da tsohon tsarin fatauci, inda ake auna nasarar falke da abin da ya komo da shi gida, kuma gidan da Musa ya zaɓa ya komo wa Kano ce. A Yulin 2025 gwamnatin Jihar Kano ta naɗa shi babban manajan Pillars alhali yana cikin 'yan wasanta, wanda hakan ya sa mai horarwa ya zama shugabansa a fili, shi kuma ya zama shugaban mai horarwar a ofis.