Ko Kun Sani? Ƙwayar Cutar da Ke Ɓad da Kama a Jikin Ɗan Adam

A shekarar 1934 ne Karl Meyer da John Palmer, masu bincike a Jami'ar Columbia ta Amurka, suka tace wani sinadari mai yauƙi daga ruwan idon saniya, wanda daga bisani aka tabbatar cewa Allah Ya halitta shi cikin fata da gaɓoɓi da cibiyar jariri, har babban mutum na ɗauke da kimanin giram 15 nasa. Sunansa asid hayaluronik.

Abin al'ajabi, ƙwayar cutar Streptococcus pyogenes, wadda ke haddasa ciwon maƙogwaro da ruɓewar fata, takan saƙa wa kanta lulluɓi da wannan sinadari ainihinsa, ta yadda dakarun garkuwar jiki, da yake sun saba da shi tun fil azal, sukan wuce ta suna zaton ta gida ce, alhali kuwa kura ce da fatar akuya. Waɗansu ƙwayoyin kuma, irin su Staphylococcus aureus, da dafin macizai da yawa, akasin haka suke yi: suna narkar da shi domin su ratsa tsoka.

Amma likitoci sun juya hikimar zuwa maslaha, domin maimakon zankon zakara da ake tatsarsa a da, yanzu galibi wata 'yar'uwar Streptococcus pyogenes ake kiwo a tukwanen masana'antu tana samar da sinadarin, a haɗa shi da azurfa mai kashe ƙwayoyin cuta, a shafa wa ƙuna da gyambo.