Kayan Aikin Mai Tsara Shafin Intanet da Makomar Baƙaƙen Hausa Masu Lanƙwasa

Tarihin baka ya nuna cewa maƙeran Gaya ne suka ƙera wa Bayajida wuƙar da ya kashe macijiyar Daura da ita. Duk wanda ya taɓa leƙa maƙera a ƙasar Gaya da Ajingi ya san cewa in babu zugazugi ko awartaki, to, aiki ya tsaya. Haka al'amarin yake ga mai tsara shafin intanet da Hausa, domin kuwa akwai kayan aiki guda uku waɗanda in ɗayansu ya gaza, sai baƙaƙen nan masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ, su salwanta.

Na farko shi ne tsarin da kwamfuta ke ba kowane harafi lamba. Tsohon tsarin ASCII, mai gurabu 128, bai tanadi waɗannan baƙaƙe ba. Unicode da ya fito a 1991 kuwa ya ba su gurbi. Saboda haka wajibi ne mai rubuta HTML ya ajiye shafinsa bisa tsarin UTF-8, in ba haka ba mai karatu ya tarar da tarkacen alamomi a gurbin harafi.

Na biyu shi ne salon haruffa, wanda ake zaɓa ta hanyar CSS. Ba kowane salo ne aka zana wa lanƙwasa ba. Noto na kamfanin Google da Charis na ƙungiyar SIL suna ɗauke da ita. Ga mai ajami kuwa akwai Alkalami, wanda aka zana bisa rubutun Kano.

Na uku shi ne allon buga rubutu, irin su Keyman da Gboard. Rashinsa shi ya sa marubuta da dama ke sakin lanƙwasa, har "baƙi" ya koma "baki", "ƙafa" ta koma "kafa". Alal misali, malamin da ya buɗe wa makarantarsa shafi a Ajingi, in ya yi wannan sakaci, ɗalibansa za su ɗauka ƙa'ida ke nan.

Tun shekarun 1930 ake amfani da waɗannan baƙaƙe a rubutun boko. Ya kamata sassan koyar da Hausa na jami'o'inmu su sanya sanin waɗannan kayan aiki cikin darasin ƙa'idojin rubutu, don kada abin da maɗaba'a ta kiyaye ya ɓace a hannun kwamfuta.