A Rubuta Ladan Ma'aikaci Tun Da Fari

Kwanan baya wani saurayi da muka koyar a makarantar ikkilisiya ya zo wurinmu ransa a ɓace. Wata huɗu ke nan yana tsaron kanti a Birnin Kebbi. Ya ce ran da aka ɗauke shi an yi masa alkawarin naira 40,000 a wata, amma 30,000 yake karɓa. Maigidan kuwa ya tsaya a kan 30,000 ya faɗa. Ba takarda, ba shaida. To, wa zai raba wannan gardama?

Irin wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Kabi. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a 2015, aka kuma buɗe babbar masana'antar shinkafa a Argungu a 2017, ƙwadago ya ƙaru a fadamun Rima: dashe, yanka, sussuka da dako. Sau da yawa da baki kawai ake shiryawa, sai ranar biya rigima ta tashi.

Alhali kuwa hukuma ta daɗe da yin magana. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta 1974, a sashe na 7, ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikaci ya ba shi takarda kafin wata 3 su wuce da fara aiki. A ciki za a rubuta sunayensu, da irin aikin, da yawan lada da yadda ake lissafa shi, da lokacin biya, da sa'o'in aiki, da hutu, da wa'adin sanarwa kafin a rabu. In an sāke wani abu a ciki, sai a sanar da ma'aikacin cikin wata 1.

Masu karatu za su tuna da kukan Yakubu a Farawa sura 31. Shekara 20 ya bauta wa Laban, kawunsa ne kuwa, amma sau goma ana sauya masa lada. Ashe zumunci ma ba ya hana cuta. A Matiyu sura 20 kuma, abin da mai gonar inabi ya kafa hujja da shi da yamma, shi ne ladan da suka daidaita tun da safe.

'Yan'uwa, mu fara daga gida. Wanda ke mana noma, da mai gadin majami'a, da malamin makarantarmu, me muka rubuta musu? Ko aikin kwana uku ne, falle ɗaya ya isa. A rubuta biyu, kowa ya sa hannu ya riƙe tasa. Wanda bai iya karatu ba, a karanta masa gaban shaidu biyu ya dangwala yatsa. Takardar nan tana tsare ma'aikaci, tana kuma tsare sunan maigida.

Saurayin nan ya koma bakin aikinsa da takarda a aljihu. Kuɗin wata huɗun da suka wuce dai, har yau ba wanda ya iya raba musu gardama a kansa.