Yini ɗaya a Cotswolds: ƙauyukan da gashin tumaki ya gina

Da yawa daga cikinmu sukan shekara biyu ko uku a Birtaniya ba su san ko'ina ba sai ɗakin kwana, ɗakin karatu, wurin aiki da shagon naman halal. Ranar da suka koma gida aka tambaye su yaya Ingila take, sai su ba da labarin Landan ko Birmingham. Alhali tafiyar kusan awa ɗaya da rabi a jirgin ƙasa daga tashar Paddington, akwai wata Ingilar dabam: tuddai kore shar, garken tumaki, da gidajen dutse masu launin zuma. Sunan yankin Cotswolds. Zuwa can ba sai mai kuɗi ba, amma ƙauye ba ya tafiya da agogon birni, kuma wanda ya je ba shiri zai iya yini da yunwa ko ya rasa motar komawa.

Yankin ya kai faɗin murabba'in kilomita 2,000, mafi yawansa a gundumomin Gloucestershire da Oxfordshire. Tun 1966 hukuma ta sa shi cikin wuraren da ake kare kyan halittarsu, shi ya sa ba a barin kowa ya yi gini yadda ya ga dama. Arzikinsa na asali ulu ne. Shekaru ɗaruruwa da suka wuce, fatake na kai gashin tumakin nan har kasuwannin Turai, kuma da ribar suka gina manyan gidaje da majami'un da ake gani a Chipping Campden da Northleach. Da masana'antar saƙa ta koma arewacin Ingila, sai ƙauyukan suka tsaya kusan yadda suke. Talaucin jiya ne ya adana abin da ake zuwa kallo yau.

Ga wanda ba shi da mota, hanya mafi sauƙi ita ce ya sauka a Moreton-in-Marsh, garin da kasuwarsa ke ci ranar Talata. Daga nan akwai bas da ke bi ta Stow-on-the-Wold zuwa Bourton-on-the-Water. A Stow ka lura da 'yan lungunan da ke shiga dandalin kasuwa: ta nan ake koro tumaki a da, a lokacin da ake sayar da dubbansu a wurin. A Bourton kuwa rafin Windrush ne ya ratsa tsakiyar gari, ruwansa bai kai gwiwa ba, da ƙananan gadojin dutse a kansa. Akwai kuma kwaikwayon garin da aka gina da dutse, kowane gida kashi ɗaya cikin tara na girmansa, wanda aka buɗe a 1937. Yara na son sa.

Idan cunkoson Bourton ya ishe ka, ka taka zuwa Lower Slaughter, tafiyar kamar rabin awa. Hanyar ta bi ta cikin gonaki, kuma kada ka ji tsoron shiga: dokar Ingila ta ba kowa ikon bin irin waɗannan turbobi, waɗanda ake yi wa alama da kibiya mai ruwan ɗorawa. Sharaɗin shi ne ka tsaya kan turba, ka bar kowace ƙofa yadda ka same ta, kada ka matsa kusa da saniya mai ɗan maraƙi.

Bibury, inda jerin gidajen Arlington Row suke, shi ne aka fi ɗauka hoto. An gina jerin wajen 1380 a matsayin rumbun ulu, daga baya ya zama gidajen masaƙa. Sai dai haɗa shi da Bourton a yini guda ba tare da mota ba wahala ce, don bas ɗin can ba su da yawa. Ka kuma tuna cewa mutane ne ke zaune a gidajen, kuma sun daɗe suna kokawa da baƙin da ke leƙa musu taga.

Batun ciki shi ne inda aka fi shan mamaki. Da wuya ka sami naman halal a waɗannan ƙauyuka, kuma alade na cikin abincinsu fiye da yadda baƙo ke zato. Duk inda ka ga bacon, ham ko gammon, alade ne. Sausage ma yawanci haka, black pudding kuwa da jini ake yin sa. Har wani burodi mai zaƙi da ake kira lardy cake da kitsen alade ake yi. Kifi da soyayyen dankali ma sai ka tambaya, domin wasu da giya suke kwaɓa fulawar da ake tsoma kifin. Doka ta tilasta wa masu abinci su bayyana abubuwa 14 da ke tayar wa wasu da ciwo, amma alade da giya ba sa cikin jerin. Matambayi ba ya ɓata, kuma ma'aikatan sun saba da irin tambayar.

Abin da ya rage ba kaɗan ba ne. Harafin V a gefen abinci na nufin babu nama a ciki. Akwai gasasshen dankalin turawa da cuku ko wake, akwai miyar ganye da burodi, akwai cukun Double Gloucester na yankin, akwai kifin trout da ake kiwo a Bibury tun 1902. Da la'asar ka nemi cream tea: shayi da ɗan burodi mai laushi da ake kira scone, a shafa masa kirim mai kauri da jam. Wanda ba ya son zama a pub, inda ake sayar da giya, gidajen shayi sun wadatar. Sai dai yawancinsu kan rufe wajen ƙarfe biyar, kuma pub da yawa na dakatar da girki tsakanin abincin rana da na dare. Kilishi ko dabino a jaka ba zai yi nauyi ba.

Masallaci sai a manyan garuruwan kewaye kamar Oxford, Gloucester da Banbury, don haka ka tafi da sallayarka. A watan Disamba rana na faɗuwa wajen ƙarfe huɗu, azahar da la'asar da magariba duk suna zuwa cikin awa huɗu. Daga Mayu zuwa Satumba yini ya fi tsawo.

Ɗalibi ya nemi katin rangwamen jirgi na 16-25, wanda ke rage kashi ɗaya cikin uku na kuɗin tikiti. Wanda ya haura 25 ma yana samu muddin cikakken ɗalibi ne. Ka ɗauki rigar ruwa da takalmin da ba ka jin tausayinsa. Ka guji Lahadi idan da bas ka dogara. Kafin ka bar tasha da safe, ka rubuta lokacin bas na ƙarshe da zai dawo da kai, domin a ƙauyen nan ba a tare tasi a bakin hanya.