Tsoho da jinjiri ba su jin zafi da sanyi yadda kake ji

 

Ka san yadda kaza take da ƴan tsakinta. A satin farko tsako na bukatar ɗumin da ya kai digiri 32 zuwa 35, shi ya sa uwa ke tara su ƙarƙashin fiffike. In ya yi gashi sai ya kama gabansa. Ka kuma san ba a ɗaura wa tsohon sa amalanke da rana tsaka. Wannan ba sai malamin gona ya koya maka ba. Abin da ke damuna shi ne, lurar da muke wa bisashe ba mu cika yi wa mutanen gida ba.

A bazarar 2024 na je rangadi wani ƙauye kusa da Sanam. Wajen azahar na iske wani dattijo zaune a gonarsa, gatari yashe gefe, yana magana ba kai ba gindi. Na ce: "Baba, ka sha ruwa?" Ya ce bai ji ƙishirwa ba. Ga gorarsa can gindin gawo, cike. Muka ja shi inuwa, muka jiƙa shi, aka kai shi gidan likita, Allah ya sa da sauran kwana. Ƴaƴansa biyu duk suna wajen cin rani. Haka abin yake a gidaje da yawa na ƙasar Kurfai: samari na tafiya Yamai, Abijan ko Kwatano bayan kaka, sai sassabe ya faɗa kan tsofaffi, daidai lokacin da zafin rana ke wuce digiri 40 kusan kullum.

Kada ka ce taurin kai ne. Gaskiya ya faɗa, bai ji ƙishirwa ba.

Jikin mutum yana riƙe zafinsa wajen digiri 37. In zafi ya yi yawa, hanya biyu gare shi: ya fid da zufa, iska ta busar da ita, ya kuma tura jini zuwa fata don zafin ya fita. Kai mai shekara 30, duka biyun suna aiki da sauri. In mutum ya wuce 60 zuwa 65, zufarsa na jinkirin zuwa, kuma ba ta da yawa. Zuciya ba ta iya tura jinin yadda take yi da. Ƙoda na sakin ruwan da ya kamata ta riƙe. Wanda ya fi haɗari, ƙishirwa, wadda ita ce mai shelar jiki, muryarta na dusashewa. Ruwan jikin tsoho zai ragu ƙwarai, shi ko yana cewa lafiya lau. Mai ciwon suga, da mai shan maganin hawan jini irin mai sa yawan fitsari, nasu ya fi tsanani.

A shekara ta 2024, ran 3 ga Afrilu, zafi ya kai digiri 48 da rabi a garin Kay na ƙasar Mali. Asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ƙirga mutum 102 da suka rasu cikin kwana 4 na farkon watan, alhali a Afrilun 2023 gaba ɗaya 130 ne. Wajen rabinsu sun haura shekara 60. Ko Faransa mai likitoci, zafin 2003 ya kashe mutum wajen dubu 15, galibi tsofaffi.

To me za ka yi? Sassabe da sauran aikin ƙarfi, tsoho ya yi shi daga asuba zuwa hantsi, ya koma in la'asar ta yi sanyi. Kada a tambaye shi ko zai sha ruwa: a miƙa masa, a tsaya har ya sha. Fura mai ruwa-ruwa da kunu duk suna cikin lissafi. In fitsarinsa ya yi kaɗan kuma ja, ruwa ya gaza. Ɗakin kwano ba wurin ƙailular tsoho ba ne, rumfar zana ta fi. In azumi ya faɗo cikin zafi, a tuntuɓi malamai, addini ya yi sauƙi ga tsohon da ba ya iyawa. In kuwa ka ga jiki ya yi zafi rau, hankali ya ruɗe, a cire masa riga, a zuba masa ruwa, a yi ta fifita, a nufi likita. Wanda ya suma ba a ɗura masa komi a baki.

Da ɗari kuma labarin ya juye. Cikin Disamba da Janairu daren hunturu na sauka ƙasa da digiri 15. Kai mayafi ɗaya ya ishe ka. Tsoho kitsen ƙarƙashin fatarsa ya ragu, naman jiki ya zube, makyarkyatar da ke haifar da ɗumi ba ta da ƙarfi. Ban-ruwan garka da sassafe ba nasa ba ne. A ɗumama masa ruwan alwala da na wanka, a ba shi kunu mai zafi kafin ya fita. Kaskon gawayi kuwa, kada a kwana da shi cikin ɗaki rufe. Iskar da yake fiddawa ba ta da wari, tana kisa cikin barci. A kula da ƙafar mai ciwon suga kusa da wuta, tana ƙonewa bai ji ba.

Jinjiri shi ma haka, sai dai shi bai iya cewa komi. Jikinsa ƙarami ne, yana saurin hucewa, yana saurin ɗaukar zafi, kamar ruwa cikin ludayi. Likitoci na cewa a jinkirta wankan farko har awa 24 bayan haihuwa, a goge shi, a sa masa hula, a manna shi ƙirjin uwa. Na san kakanninmu mata ba su son jin wannan. Yaro mai tamowa ya fi kowa saurin sandarewa da dare. Da bazara kada a goya shi cikin rana a lulluɓe da zane mai kauri. Wanda bai kai wata 6 ba, kada a ba shi ruwa komi zafi. Fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne. A yawaita ba shi mama, uwar ita ce za ta sha.

Kai da ke shirin tafiya cin rani bana, kafin ka ɗaura kaya ku zauna da maƙwabta ku tsai da wanda zai yi sassaben gonarku, ko gayya ko ɗan ƙodago, ka bar kuɗinsa a hannu. In ka buga waya gida, bayan gaisuwa ka nemi yaron da ke kai wa Baba ruwa gona, ka tambaye shi gorar ta dawo cike ko wofi.