Shuka a Cikin Tukunya

Kajiji gari ne a ƙasar Shagari, a kan hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta bi ta Boɗinga zuwa Tambuwal. Damina a can gajeriya ce, daga Yuni zuwa Satumba. In rani ya yi, ruwa sai an jawo shi daga rijiya. Saboda haka mai son ganin ɗanyen ganye a tsakar gida ya kan nemi tsiro mai jure ƙishirwa, wanda zai shekara bai mutu ba.

Tsohuwar tukunya ta isa. A kan huda gindinta, a jera tsingaro a ciki, sa'an nan a zuba ƙasar jigawa gauraye da ruɓaɓɓen taki. Hudar nan ba abin mantawa ba ce, gama in ruwa ya kwanta, saiwa ruɓewa ta ke yi.

Zabuwa tsiro ce mai haƙuri ƙwarai. Ganyenta mai kauri ne, da ɗigo-ɗigo kamar jikin zabo, a cikinsa ta ke ɓoye ruwa. Ban ruwa sau ɗaya a mako ya ishe ta. Ta kan yi 'ya'ya a gindi, a cire su a dasa a wata tukunya.

Gadali kuwa da rani ganyensa ya kan bushe ƙurmus. Wanda bai sani ba sai ya zubar da tukunyar, alhali kansa na nan da rai a ƙasa. Da ruwan fari ya sauka sai ya toho. Ya yi kama da albasa, amma ba a cinsa, domin akwai mai dafi.

Saura akuya. Maganinta ragaya: a sa tukunya a ciki, a rataye a reshen darbejiya inda bakinta ba ya kai.