Hankaka, Mai Da Ɗan Wani Naka

Kakata ba ta taɓa yarda cewa hankaka yana yin ƙwai ba. A wurinta maganar a rufe take tun kaka da kakanni: hankaka ba ya saka ƙwai, ba ya kwanci. Shawagi yake yi bisa gidajen mutane har ya ga kaza ta yi sakaci, ya sure ɗan tsako ya kai sheƙarsa, ya yi ta shafa shi da fiffike yana ɗura masa abinci har gashinsa ya rikiɗe, ya tashi hankaka sak. Duk ranar da ta ƙirga 'yan tsakinta ta ga babu ɗaya, ba ta cewa an cinye shi. Sai ta ɗaga kai sama ta ce, "An tafi da shi makarantar hankaki."

Daga wannan imani kirarin ya fito, kuma ina son kirarin nan ƙwarai, don kaɗan ne ke da aiki kamarsa. Ana jefa shi ga matar da ta karɓi yaro riƙo ta raba shi da danginsa. Ana jefa shi ga wanda ya ari keke ya yi masa sabon fenti. A 'yan shekarun nan na fi jin sa a kan ɗan siyasar da ya tarar da rijiyar burtsatse da wani ya haƙa, ya kafa mata allo da sunansa. Ga kuma ɗaya maganar, gaba fari baya baƙi, wadda ake yi wa mai fuska biyu. Ita ma akwai ɗan rashin adalci a cikinta, don farin nan ya zagaye wuyan hankaka har ya sauka kan kafaɗunsa, ko ta baya ka hango shi za ka ga fari. Amma wa zai tsaya auna gashin tsuntsu alhali magana ta yi daɗi a baki?

Ina ɗan shekara goma sha biyu muka ƙudura aniyar ƙaryata Kaka, ni da ɗan baffana. Akwai wani rimi a bayan gari da muka ga hankaki biyu suna ta jigilar ƙirare zuwa ƙololuwarsa tun shigowar bazara. Shi ne gwanin hawa, ni kuwa gwanin tsayawa a ƙasa ina ba da shawara. Bai kai rabi ba hankakin suka taso masa, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya, suna ihu suna kai masa sara a ƙeya. Ya dai kai, ya sauko da ƙwai ɗaya a cikin hularsa, kunnensa na jini. Ƙwan bai kai na kaza girma ba, launinsa tsakanin shuɗi da kore mai haske, an yayyafa masa ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa. Muka ruga gida muna haki.

"Kaka, ga ƙwan hankaka!"

Ta karɓa, ta jujjuya shi a tafin hannu, ta miƙo mana. "Kun gan shi lokacin da yake saka shi?"

Muka yi tsuru-tsuru.

"To na wani ne ya sato. Ku mayar masa kafin ubanku ya dawo."

Ba mu mayar ba, kuma ubanmu ya dawo. Wannan wani labari ne.

Gaskiyar ita ce hankaka yana yin ƙwai kamar kowane tsuntsu. Macen takan saka uku zuwa shida, ta kwanta a kansu kwana 18 ko 19, namijin yana kawo mata abinci. 'Ya'yan su fito tsirara, idanu a rufe, su yi wajen mako shida kafin su iya tashi. Abin da ya sa ba mu san haka ba shi ne inda yake gininsa. Kaza a ƙarƙashin rumbu take ƙwai, kurciya a reshen da yaro zai miƙa hannu ya taɓa. Hankaka kuwa sai kan giginya ko rimi, yanzu kuma ya samu turakun lantarki da dogayen ƙarafan sabis na waya, har yakan haɗa da guntayen waya a cikin ƙiraren. Ƙwansa ba kowa ya taɓa gani ba. Sure ɗan tsako kuwa, kowace mai kiwon kaji ta gani da idonta. Sai dai ɗan tsakon nan ba makaranta aka kai shi ba, miyar dare ce. Hankaka ba ya zaɓen abinci: ƙwan zabi, ƙadangare, fara, gyaɗar da aka shanya, mushen da mota ta take a titi, tarkacen da mahauta suka zubar a kwata, duk nasa ne.

Na daɗe ina ɗauka a nan maganar ta ƙare, wato mutanen da sun ga rabin abu sun ƙarasa sauran da ka. Sai daga baya na gane ni ne na yi gaggawa.

Akwai wani tsuntsu mai tukku da dogon bindi, bayansa toka-toka da fararen ɗigo kamar na zabuwa, cikinsa fari-fari. Dangin ragon-maza ne, ko da yake shi ragon-maza, duk da sunan da muka laƙaba masa, yana gina sheƙarsa ya yi renon 'ya'yansa da kansa. Wannan ɗan'uwan nasa shi ne ragon gaske. Ba ya gini, ba ya kwanci, ba ya ciyarwa. Idan hankaki suka fara ƙwai, sai shi da matarsa su zo su yi ta leƙe. Sau da yawa namijin ne ke fitowa fili yana kuka har masu gida su bi shi da kora, macen kuma ta faɗa sheƙar da aka bari, cikin ƙiftawar ido ta saka ƙwanta ta fice. Ƙwan ya fi na hankaka ƙanƙanta, amma launinsu da ɗigonsu sun yi kusa. Hankaka ya dawo yana taƙamar ya kori ɓarawo, matarsa ta koma ta kwanta a kan ƙwan baƙo. A ƙasarmu ma an bi diddigin wannan: wasu masu nazarin tsuntsaye biyu, Mundy da Cook, sun yi ta duba sheƙunan hankaki a yankin Sakkwato, suka buga abin da suka gani a 1977, kuma sun tarar da ƙwai da 'ya'yan wannan baƙo a cikinsu.

Ƙwan baƙon yakan ƙyanƙyashe cikin mako biyu, wato yakan riga 'yan gida fitowa. Ba ya tura 'yan gida ƙasa kamar yadda wani danginsa na Turai yake yi. Shi dai roƙo ya iya, baki a wangale, kuka ba ƙaƙƙautawa, ga saurin girma. Hankaki su yi ta kai da kawowa daga hantsi har la'asar suna cusa masa abinci. Ko ya fita daga sheƙa, yana bin su reshe-reshe, suna ci gaba da ba shi.

To yanzu ku tsaya a matsayin wani tsohon manomi shekaru ɗari uku da suka wuce. Jiya ka ga hankaka ya ɗauke ɗan tsako ya nufi rimi. Bayan wata guda ka ga hankakan nan a kan reshe yana ciyar da wani tsuntsu mai ɗigo-ɗigo da dogon bindi, wanda ko makaho ya shafa ya san ba jininsa ba ne. Me za ka ce? Ni ma abin da zan ce ke nan. Ina ganin waɗanda suka ƙirƙiro kirarin ganau ne, ba jiyau ba. Sun ga hankaka da ɗan wani, kuma ɗan wanin ne. Inda suka kuskure shi ne wajen yanke hukunci: sun kama wanda aka yi wa kutse suka ce shi ne ɓarawo. Da a gaban alƙali ne, hankaka ne mai ƙara.

Wani abin mamaki kuma, wannan tsuntsu da ya shahara da wayo, wanda zai gane yaro mai danƙo tun daga nesa amma ya sauka kusa da tsohuwa mai tsintar hatsi, ya kasa gane baƙon da ke cikin ɗakinsa. Ko kuwa bai ga dalilin korarsa ba ne? A 2014 wasu masu bincike a arewacin Sifen suka bayyana cewa ɗan baƙon nan, in an taɓa shi, yakan fitar da wani baƙin ruwa mai ɗoyi wanda kyanwa da tsuntsaye mafarauta ke gudu, kuma a shekarun da mafarauta suka yi yawa, sheƙun da ke da baƙo sun fi tsira. Hankakan can baƙi ne wuluk, ba irin namu ba, amma baƙon ɗaya ne. Ashe agolan nan ba zaman banza yake ba, yana biyan kuɗin tuwo da wari.

Inda maganar Kaka ta faɗi warwas shi ne batun rikiɗa. Tsintacciyar mage ba ta mage, haka ɗan riƙon hankaka ba ya zama hankaka. Da ya ƙosa sai ya kama gabansa, ya koma cin tsutsotsi masu gashi irin na iyayensa, in lokaci ya yi shi ma ya nemi sheƙar da zai yi wa kutse. Kuma Kaka ta fi kowa sanin haka, don kowace damina da hannunta take ɗebe ƙwan zabi ta zuba wa kaza mai kwanci. Kaza ta saba da kwana 21, sai ta yi ta zama har kusan 28, ta fito da 'ya'ya masu zane a ka, ta yi ta faɗa da shirwa a kansu. Suna girma su bi garken zabi, ko waiwaye babu. Ban taɓa samun ƙarfin halin tambayarta ba, tsakaninta da hankaka wa ke mai da ɗan wani na wani. Laifi tudu ne.

A makarantar allo kuwa labari biyu muka ji a kan hankaka, kuma ba su bi hanya ɗaya ba. A Suratul Ma'ida, aya ta 31, shi ne aka aiko yana tonon ƙasa don ya nuna wa ɗan Annabi Adamu yadda zai binne ɗan'uwansa da ya kashe. Wato jana'izar farko a duniya, tsuntsu ne malaminta. A hadisi kuma yana cikin halittu biyar masu ɓarna da aka halatta kashewa ko a Harami, tare da shirwa da kunama da ɓera da kare mai cizo, har wata ruwayar ta ware mai fari a jikinsa. Duk lokacin da malaminmu ya zo nan sai ya nuna bishiyar da ke bakin zaure da bulalarsa.

Na kuma lura zafin kirarin ba a kan reno yake ba. Bahaushe bai taɓa ƙyamar riƙo ba; gida nawa ne babu ɗan ƙanwa ko ɗan wa da ya tashi a cikinsa? Abin da ake ƙi shi ne shafe asali, a kira yaro da sunan wanda ba ubansa ba, abin da Suratul Ahzab ta hana. Wannan kuwa hankaka bai taɓa yi ba. Ya ciyar, ya kare, ya sallama.

'Yan tsaki dai yana ɗauka, ba zan kare shi a nan ba, mai kaji ta ci gaba da kifa musu kwando. Amma idan damina ta kankama kuka ga hankaka a kan reshe ko kan turken lantarki yana cusa abinci a bakin wani tsuntsu mai ɗigo-ɗigo da dogon bindi, ku hana yara harbinsa da danƙo, ku kira tsofaffin gida su zo su gani.